Madabod ɗin da muka zaɓa wa kwamfutar falon Yaya

Yayana ya sayi talabijin mai inci 65, irin mai hoton 4K, ya kafa shi a falo, sannan ya jawo tsohuwar kwamfutar da ya daina aiki da ita a ofis ya jona masa. Burinsa bai taka kara ya karya ba. Yana da faifan ajiya guda uku maƙil da kaya: bidiyon iyali na kusan shekara goma sha biyar, wasu an ɗauka da kyamara wasu da waya, da shirye-shiryen tarihi da na namun daji da yake so, da katun na yara. So yake kowa a gidan ya zauna a kujera ya danna rimot ya kalli abin da ransa ke so, ba tare da an yi ta cire wannan faifai ana sa wancan ba.

Kwana biyu da jonawa sai ga kiransa.

"Auta, wannan kwamfutar ta gama yayi. Linzami jan ƙafa yake yi, bidiyon da na ɗauka da waya sai tsinkewa yake, fanka kuma ihu take kamar injin niƙa. Na riga na rubuta kayan da zan saya, ka zo ka duba kafin in biya."

Da na je ya miƙo mini takardar. A samanta akwai wani ƙaton madabod na masu wasan bidiyo, mai girman ATX, mai cifset Z790 (cif ɗin da ke kula da kafofin allon) da fitilu kala-kala, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-12400F. Madabod shi ne babban allon da komai na kwamfuta ke hawa kansa, kuma Yaya ya ɗauka, kamar yadda mutane da yawa ke ɗauka, cewa idan allon ya fi girma da suna to hoton zai fi kyau. Na roƙe shi ya dakata da sayen komai har sai mun gano takamaiman abin da ke damun tsohuwar. In ba a san ciwon ba, sabon allon ma zai iya zuwa da irinsa.

Abin da ke damun tsohuwar

Mun buɗe saitin nuni na Windows, muka tarar talabijin ɗin yana karɓar hoto sau 30 a sakan. Babu zaɓin 60 ko kaɗan. Dalilin yana bayan akwatin, a kafar HDMI, inda ake jona wayar da ke kai hoto talabijin. Kafar iri ɗaya ce a ido tun shekaru da dama, amma abin da take iya ɗauka ya sha bamban. HDMI 1.4, wanda ya fito a 2009, iyakarsa gigabit 10.2 a sakan. HDMI 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18, sannan 2.0a na 2015 ya ƙara HDR, wato faɗin haske da kala da ke sa rana ta yi kama da rana a fuskar talabijin. Lissafin ba shi da wuya. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, jimilla ɗigo 8,294,400. A ninka da 60, a ninka da bit 24 na kala, za a samu kusan gigabit 12 a sakan, tun ba a haɗa da sauran bayanan da ke bin waya ba. Ramin HDMI 1.4 bai kai wannan faɗin ba, don haka sai ya rage yawan hotunan zuwa rabi.

A nan akwai abin da ya kamata mai sayen allo na hannu ya sani. Intel zubi-zubi take fitar da furosesocinta, kowane zubi da lambarsa, kuma na tebur har zuwa zubi na 10, HDMI 1.4 kaɗai suke fitarwa da kansu. Kamfanin da ke son allonsa ya ba da HDMI 2.0 a wancan zamanin sai ya ɗora wani ɗan ƙaramin cif da ake kira LSPCON, wanda ke juya siginar DisplayPort, wata kafar hoto ta daban, zuwa HDMI, kuma alluna da yawa ba su da shi. Sai a zubi na 11, a 2021, HDMI 2.0 ya shigo cikin furosesar kanta. Kwamfutar Yaya mai furosesar zubi na 6 ce, ta 2015. Ba laifin kowa ba ne, an yi ta ne lokacin da talabijin ɗin 4K bai cika gidaje ba.

Sai dai ban yarda cewa wannan ne duka labarin ba. Yawancin finafinai hoto 24 ne a sakan, kuma HDMI 1.4 yana ɗaukar 4K a wannan gudun ba tare da gardama ba. Sau 30 ɗin ya bayyana jan ƙafar linzami, ya kuma bayyana rashin santsin bidiyon waya da aka ɗauka a 60, amma bai bayyana ihun fanka ba. Muka kunna ɗaya daga cikin bidiyon wayar, muka buɗe ma'aunin aikin furosesa, sai muka ga ta cika taf, tana ta haƙilo.

Bidiyo a matse yake zuwa, sai an warware shi kafin a nuna. Akwai H.264 na 2003, wanda kowace na'ura ke warwarewa cikin sauƙi. Akwai HEVC na 2013, wanda wayoyin zamani ke ɗaukar 4K da shi, sau da yawa a zurfin kala na bit 10 saboda HDR. Akwai VP9 na Google, sai kuma AV1 na 2018, wanda YouTube da Netflix ke ƙara jingina da shi. A cikin sashen hoto na furosesa akwai wani ɓangare da aka gina don wannan warwara kaɗai, wanda ke yin aikin da wuta kaɗan, ba zafi. Idan ɓangaren bai san salon da aka matse bidiyon da shi ba, sai aikin ya faɗa kan furosesar gaba ɗaya, ta yi zafi, fanka ta tashi. Zubi na 6 ya san HEVC mai bit 8, amma cikakkiyar warwarar mai bit 10 sai a zubi na 7 ta zo. AV1 kuwa sai zubi na 11.

Ciwo biyu ke nan, ɗaya a kafar allo, ɗaya a cikin furosesa. Akwai 'yar na'urar da ake jonawa a DisplayPort ta fitar da HDMI 2.0, kuma da ita za a iya maganin na farko. Na biyun ba shi da magani sai canji. Ga shi kuma Windows 11 ba ya karɓar zubi na 6 a hukumance, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025. Muka amince a canza.

Takardar Yaya da tef ɗin awo

Abin da ya fi tayar mini da hankali a takardar shi ne harafin F da ke ƙarshen sunan furosesar. A wajen Intel, F na nufin babu sashen hoto mai aiki a cikinta. Kafofin HDMI da DisplayPort da ke bayan madabod ba su da hoton kansu, hanya ce kawai da hoton furosesa ke bi ya fita. Da Yaya ya haɗa wannan allon da wannan furosesar ya kunna, da baƙin talabijin zai gani, kuma da sai ya sayi katin hoto daban, mai tsayinsa da fankarsa da cin wutarsa. Haka abin yake a ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin furosesa: a soket AM4, wato mazaunin furosesa a kan allo, yawancin Ryzen da ba su da G a ƙarshen suna ba su da hoto.

"To ai madabod ɗin an rubuta masa 4K a kwali," in ji shi.

Na ce, "Gaskiya ne Yaya, amma sai in furosesar ta ba shi abin da zai fitar."

Daga nan na ɗauko tef muka durƙusa gaban kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin. Gurbin da kwamfutar za ta zauna yana da faɗin santimita 60, zurfin 42, tsayi kuwa 14 kacal. Na zo da tunanin cewa Mini-ITX za mu saya, domin shi ne kowa ke ambata idan ana zancen kwamfutar falo. Ƙaramin allo ne mai milimita 170 a kowane gefe, kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, gurbin kati ɗaya gare shi da gurbi biyu na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Amma awon ya nuna mini cewa faɗi ba shi ne matsalarmu ba. Tsayi ne. Akwatunan Mini-ITX da yawa a tsaye suke ko kuma dunƙulallu, ba za su shiga santimita 14 ba, alhali akwai akwatuna masu kwanciya, masu siffar amfilifaya, waɗanda tsayinsu bai wuce santimita 10 ko 11 ba kuma suna ɗaukar microATX mai milimita 244 a kowane gefe. ATX mai 305 da 244 ya fita daga lissafi, domin akwatin da zai ɗauke shi tare da faifai uku ba zai bar wa iska wurin wucewa ba. Abin da ke cin tsayi a akwati mai kwanciya shi ne ƙarfen sanyaya furosesa, ba allon ba. Wanda Intel ke haɗowa da furosesocin zubi na 12 milimita 47 ne, Noctua NH-L9i kuwa 37. Duka biyun za su shiga.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce wadda zuciyata ta fi kwanciya da ita, kuma har yanzu ina ganin ita ce daidai ga gidaje da yawa: allon da aka riga aka manne masa furosesa Intel N100. Ta fito a farkon 2023, ƙwaya huɗu gare ta, wat 6 ne ma'aunin zafinta, tana warware HEVC da VP9 da AV1, kuma allunan da ASRock da ASUS suka yi da ita ba su da fanka ko ɗaya, ƙarfen sanyaya kawai. Kwamfutar falo takan kwana a kunne, kuma shekara awa 8,760 ce, don haka duk wat 10 da aka rage daidai yake da kilowat-awa 87.6 a shekara. Shiru da ƙarancin cin wuta su ne rabin abin da ake nema a falo.

Abin da ya kayar da ita a gidan Yaya faifan nan uku ne. N100 layukan PCIe, hanyoyin da take magana da sauran kayan, tara kawai gare ta, kuma allunanta kafar SATA, inda ake jona faifan ajiya, ɗaya ko biyu suke zuwa da ita. Ana iya ƙara kati mai kafofin SATA, amma hakan ƙarin abu ne da zai iya ba da matsala, a na'urar da ake so a manta da ita a kabad. Wasu daga cikin allunan kuma da cajar waje irin ta laftof suke aiki, alhali kowane babban faifai mai inci 3.5 yana zuƙar kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a sakannin da yake fara juyawa. Uku a lokaci guda nauyi ne. Na ba Yaya shawarar a kwashe faifan a kai su wata na'urar ajiya a wani ɗaki, a bar ƙaramar kwamfuta a falo tana jawo bidiyo ta waya. Ya ƙi, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: na'ura ɗaya yake so ya kula da ita, ba biyu ba.

Ta biyu AMD ce. Ryzen 5 5600G a soket AM4 tana da ƙwaya shida da sashen hoto mai kyau, allunan AM4 kuma sun daɗe a kasuwa tun 2016, an san halinsu. Matsalarta ɗaya: sashen hotonta bai san AV1 ba. Ƙwayoyin shida za su iya warware shi da ƙarfin tuwo, amma mun koma gidan jiya ke nan, zafi da ƙarar fanka. Soket AM5 na 2022 ya gyara wannan, domin Ryzen 7000 suna warware AV1, sai dai AM5 sabon RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa, ga shi tsohuwar kwamfutar tana ɗauke da sandunan DDR4 biyu masu gigabait 8 kowanne, lafiyarsu ƙalau. Kallon bidiyo ba ya amfana da saurin DDR5 ta yadda ido zai gani. Ban ga dalilin zubar da su ba.

Ta uku ita muka bi: soket LGA 1700 da Core i3-12100, wadda ba ta da F. Ƙwaya huɗu, sashen hoto UHD 730, tana warware duk salon da na lissafa. Tana kuma da Quick Sync, wanda Intel ta fara sakawa tun 2011, mai sake matse bidiyo nan take. Wannan ya yi wa Yaya amfani ta inda bai zata ba, domin da manhaja irin Jellyfin kwamfutar za ta iya rage nauyin bidiyo ta aika wa wayar mai ɗakinsa ko kwamfutar hannu ta yara a lokacin da shi yake kallon wani abu daban a falo. Allunan LGA 1700 kashi biyu ne, masu DDR4 da masu DDR5, kuma galibi allo ɗaya ba ya karɓar duka biyun, don haka sai an duba sunan da kyau. Cifset Z790 da ke takardar Yaya an yi shi ne don masu tura furosesa ta wuce gudunta, abin da i3-12100 ba a buɗe ta don shi ba ma. H610 ko B760 sun ishe mu.

Sauti ne ya raba gardama

Bayan wannan tacewar alluna huɗu suka rage a hannunmu, duka microATX, duka DDR4. Na sauke littafin kowanne daga shafin kamfaninsa, domin abin da ake buƙata ba ya kan kwali. Ɗaya ya faɗi nan take, littafinsa ya nuna kafar HDMI ɗinsa 4K a 30 take tsayawa duk da sabuwar furosesa. Sauran ukun an rubuta musu HDMI 2.1, kuma Yaya ya yi murna da ganin lambar. Sai da na nuna masa layin da ke ƙasa, inda aka rubuta 4K a 60. Cikakken HDMI 2.1 na 2017 yana kaiwa gigabit 48 da 4K a 120, amma masu kula da lasisin HDMI sun narkar da 2.0 a cikin 2.1, ta yadda kafar da iyakarta gigabit 18 za ta iya ɗaukar sunan 2.1. Ga mai kallon fim wannan ba asara ba ce, 60 ya wadatar. Amma lambar da ke gaban Hz, wato yawan hoto a sakan, ita ce abin karantawa, tare da kalmomin HDR da HDCP 2.2 ko 2.3. HDCP shi ne makullin kare haƙƙin mallaka, in babu shi Netflix da ire-irensa ba za su ba da 4K ba.

Na kuma duba shafin da ke bayanin gurbin M.2, inda ake soka siririn faifan ajiya a jikin allon. A alluna da yawa, idan aka sa faifan M.2 irin na SATA, ɗaya daga cikin kafofin SATA na allon takan mutu, domin layi ɗaya suke rabawa. Mu da ke da faifai uku a kan kafofi huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka yanke cewa faifan da Windows zai zauna a kai M.2 irin na NVMe zai zama, wanda ba ya taɓa layin SATA a allunan da muke dubawa.

A kan sauti ne muka daɗe. Yaya mai son sauti ne, yana da amfilifaya da lasifika biyar da ta ƙasa mai gurnani, kuma ya ji an ce cif ɗin sauti na Realtek ALC1220 ya fi ALC897. Haka ne, ya fi shi, amma fifikon yana bayyana ne a ramukan nan masu kala da ake jona abin kunne ko ƙananan lasifika, inda allon da kansa yake juya lambobi zuwa sauti. Idan sauti ya bi HDMI, ko kusa da wannan cif ɗin ba ya zuwa. Lambobi ne tsantsa ke fita daga sashen hoto zuwa amfilifaya, ita ke juya su.

Inda gizo ke saƙar shi ne amfilifayar tasa ta girmi 4K. Tana da HDMI, amma idan hoton ya ratsa ta cikinta sai ya faɗo zuwa 1080. Dole waya ta tafi talabijin kai tsaye, sauti kuma ya nemi wata hanya. Hanya mafi sauƙi ita ce talabijin ya mayar wa amfilifaya sautin ta ARC, wato ta cikin wayar HDMI, ko ta kafarsa mai aika sauti da haske. Muka gwada salon sauti biyu da tsohuwar kwamfutar, Dolby Digital ya wuce, DTS bai wuce ba. Talabijin da yawa haka suke, ba sa wucewa da DTS, kuma kaso mai yawa na finafinan Yaya da shi aka yi su. Akwai dabarar jona amfilifaya a kafar DisplayPort ta biyu don sauti kawai, amma Windows zai ɗauke ta a matsayin talabijin na biyu da ba a gani, linzami ya riƙa ɓacewa a cikinsa. A gida mai yara ban so wannan ba.

Saura kafar haske ta S/PDIF a kan allon kansa. Tana ɗaukar Dolby Digital da DTS masu tasha 5.1. Ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗannan sai HDMI. Na faɗa wa Yaya wannan ƙarara don kada ya ji daga baya. Manhajar Kodi, wadda ake kunna finafinai da ita, tana iya juya sautin da ya fi ƙarfin kafar zuwa Dolby Digital nan take, don haka lasifika biyar ɗin ba za su yi shiru ba, amma ba shi ne cikakken sautin da ke faifan ba. Cikin alluna ukun, ɗaya ba shi da S/PDIF sam, ɗaya yana da allurai a jikinsa da sai an nemo ƙarfen da za a jona musu, ɗaya kuma yana da kafar a baya a shirye. Na ukun muka ɗauka, mai cifset B760, kafofin SATA huɗu, da wurin jona fanka huɗu masu allura huɗu-huɗu.

Zancen intanet bai ɗauke mu minti biyar ba. Faifan Ultra HD Blu-ray mafi nauyi bai wuce megabit 128 a sakan ba, kafar gigabit ɗaya kuwa megabit 1,000 ce. Rauta tana kusa, muka ja waya. Yaya ya tambaya ko zai iya sa na'urar karanta irin waɗannan faifan a kwamfutar. Na ce masa manhajar da ke kunna su da lasisi tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna SGX, wanda Intel ta cire daga furosesocinta na gida tun zubi na 11 da na 12, don haka in yana son faifan, na'urarsu ta daban zai nema. Windows 11 muka zaɓa a kan LibreELEC, ƙaramin tsarin Linux da aka yi don Kodi, duk da cewa LibreELEC ya fi sauƙi da saurin tashi, saboda Netflix ba ya ba da 4K a Linux. Sashen tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke nema ba sai an saye shi daban ba, a BIOS, wato saitin allon kansa, ake kunna shi da sunan PTT.

Bayan an haɗa

Ranar da muka kunna, saitin nuni ya nuna 60 amma HDR ya ƙi fitowa. Na kusa zargin allon. Ashe talabijin ne: kafofinsa na HDMI suna zuwa a tsohon yanayi don kada tsofaffin na'urori su rikice, sai an shiga saiti an buɗe wa kafar cikakken faɗinta. Kowane kamfani da sunan da yake kiran wannan saitin. Da muka kunna shi, muka kuma canza tsohon kebul ɗin da wanda aka tabbatar yana ɗaukar gigabit 18, sai kalar ta fito. Muka sa bidiyon wayar da ke tsinkewa a da, ma'aunin furosesa ko motsin kirki bai yi ba.

Fankar akwatin ta fara da ƙara. Mai allura uku ce, wurin da na jona ta kuma yana kan yanayin PWM, wanda fanka mai allura huɗu kaɗai ke ji, don haka take gudu iya ƙarfinta. A BIOS na mayar da wurin zuwa yanayin DC, na tsara ta yadda ba za ta ɗaga murya ba sai zafi ya hau. Wannan damar ta saita kowace fanka daban tana cikin abin da na duba a littafin tun farko, kuma a falo ta fi fitilu da yawan gurabe amfani nesa ba kusa ba. Da dare, idan an rage sauti, ƙarar da ba a ji da rana ita ke cika ɗaki.

Sai wani ɗan tsalle da hoto ke yi idan kyamara tana juyawa a hankali. Fim mai hoto 23.976 a sakan ba ya rabuwa daidai a cikin 60, sai a nuna wani hoton sau uku, na bayansa sau biyu. A Kodi akwai saitin da ke sa talabijin ya koma gudun fim ɗin da zarar an kunna shi. Tsofaffin furosesocin Intel ba sa fitar da 23.976 daidai, sai a zubi na 4, a 2013, aka gyara, don haka tamu ba ta da wannan larurar. Muka kunna saitin, tsallen ya tafi.

Abu ɗaya ne ban hango ba, kuma ƙaramar 'yar Yaya ce ta gano shi. Ta ɗauki rimot ɗin talabijin ta yi ta dannawa, sannan ta juyo ta ce, "Baffa, ba ya ji." A cikin wayar HDMI akwai layin da ake kira CEC, wanda ke ba rimot ɗin talabijin damar sarrafa na'urar da aka jona. Raspberry Pi yana da shi, akwatunan kallo da yawa suna da shi, amma madabod ɗin kwamfuta kusan duka ba su da shi. Tun ranar farko Yaya ya ce rimot ɗaya yake so, kuma ya kamata in tuna da wannan lokacin da nake lissafa hanyoyi. Muka samo 'yar na'urar Pulse-Eight, wadda ke shiga tsakanin kwamfuta da talabijin a kan wayar HDMI, ta kuma ci kafar USB ɗaya a baya. Kodi ya gane ta ba tare da wahala ba. Don kwamfutar ta farka daga barci da rimot sai da na koma BIOS na ba USB izinin tayar da ita, na kashe saitin ErP da ke yanke wa kafofin wuta. A nan kuma na saita ta ta tashi da kanta idan wuta ta ɗauke ta dawo.

Bayan mako biyu Yaya ya lura faifan suna ɗumi fiye da yadda yake so idan an rufe ƙofar kabad. Muka cire katakon bayan gurbin, iska ta samu hanya. Kafar SATA ta huɗu tana nan babu kowa a kanta, tana jiran faifan da zai zo idan ukun sun cika, gurbin katin hoto ma babu komai a ciki. Sautin TrueHD kuwa yana jiran ranar da Yaya zai canza amfilifaya zuwa mai wucewa da 4K. Ranar za a zare wayar haske, a ɗauke kebul ɗin HDMI daga bayan talabijin a mayar da shi bayan amfilifayar, a shiga Kodi a kashe juyin Dolby Digital.